"Ba ruwanmu ba ne": kukan mai fatauci a rafin Badagry

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan rafin da ya haɗa Badagry da Porto-Novo, ruwan da yawancin masu karanta jaridarka ba su taɓa gani ba, alhali 'yan uwansu na ratsa shi kowace safiya.

Ni mutumin Yauri ne, amma shekara 19 ke nan ina Legas. Albasa ce sana'ata. Motocin Aliero su sauke mana kaya a kasuwar Mile 12, in sayar da wasu a nan, sauran in kai wa abokan cinikina a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, garin da Yarbawa ke ce wa Ajase. Ta ruwa nake bi. Duk wanda ya taɓa bin titin Badagry zuwa iyakar Seme ya san dalili: shinge bayan shinge, a tsaya, a buɗe, a ba da na goro. Ita kuwa albasa ba ta san haƙuri ba, in ta daɗe a buhu cikin zafi sai ka fara jin warinta tun ba ka ga kuɗinka ba. Ruwa kuma ba baƙona ba ne. Kakana fito yake yi a kogin Kwara, na iya riƙe filafili tun ban iya riƙe allo ba.

Kwanakin baya na ji manya a rediyo suna yabon kansu cewa fashin teku ya ragu a Mashigin Tekun Gini. Ban ƙaryata su ba. A 2020 ma'aikatan jirgi 135 aka yi garkuwa da su a tekunan duniya baki ɗaya, 130 daga ciki a wannan mashigin namu aka kwashe su. Amma a watan Maris na 2022 sai ga hukumar da ke lissafin fashin teku a duniya ta cire sunan Najeriya daga jerin wuraren da ake gudu. Banza ba ta kai zomo kasuwa, aiki aka yi. A 2011, da 'yan fashi suka addabi jiragen mai a gaɓar Kwatano, Shugaba Boni Yayi na Benin ya nemi taimakon Shugaba Jonathan, sojojin ruwan ƙasashen biyu suka fara sintiri tare a watan Satumba na shekarar. A watan Yuni na 2013 ƙasashe 25 suka sa hannu a yarjejeniyar Yaoundé, cewa za su riƙa musayar bayanai, kowa ya tare wa ɗan uwansa ɓarawo. Aka buɗe cibiya a Kwatano a 2015 don Najeriya da Benin da Togo, har da Nijar wadda ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku. A 2019 Najeriya ta yi dokar hukunta fashin teku. A 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin tsaron teku mai suna Deep Blue a nan Legas, na dala miliyan 195, da jiragen sama biyu, da masu saukar ungulu uku, da ƙananan jiragen ruwa masu gudu 17.

Kuma an ga amfanin abin. A watan Mayu na 2020 aka sace wani jirgin kamun kifi na 'yan Sin a ruwan Kwaddibuwa. Labari ya bi gaɓa daga ƙasa zuwa ƙasa, sojojin ruwan Najeriya suka tare shi a can kudu da Legas, suka ceto ma'aikatansa, suka kama mutum goma. A watan Yuli na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure kowannensu shekara 12. Laifi a ruwan wata ƙasa, kamu a wata, hukunci a Legas. Ashe ana iyawa in an ga dama.

To, Edita, ga nawa labarin.

Ƙarshen damina ne, shekara biyu da suka wuce. Muka taso daga Porto-Novo bayan la'asar sakaliya, mu goma sha huɗu a jirgin katako. Matuƙin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Egun, na shekara bakwai ina shiga jirginsa. Baba nake ce masa, shi kuma yake ce min Alhaji tun ban je Makka ba. Ya so mu kwana mu yi sammako. Ni na matsa, don ina da mota da za ta iso Mile 12 da asuba, wata mai kifi kuma ta goyi bayana. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

A wannan lokaci na shekara ruwan sama ya gama wanke gishirin rafi, sai kainuwa ta samu sake ta rufe ko'ina, ka hango ta kamar fadamar da aka shuka. Mun yi nisa ke nan ta naɗe farfela. Baba ya kashe inji, ya ɗaga ƙafar injin sama, yaronsa ya sunkuya da wuƙa yana yanke saiwoyi. Magariba ta kawo jiki. Ina shirin yin alwala da ruwan rafin sai muka ji ƙarar inji a bayanmu, ba fitila. Mutum huɗu ne, biyu da bindiga. Ɗaya na magana da Yarbanci, ɗaya da Faransanci, mai ba da umarnin kuma da turancin buroka. Suka miƙo bokitin roba, kowa ya jefa wayarsa. Lalitar da na ɗaure a ƙugu, mai sefa 430,000, cinikin buhu ashirin da ɗoriya, ban ma san yadda aka yi ta bar jikina ba. Ba su bugi kowa ba sai yaron Baba, shi ma mari ɗaya, don ya yi jinkirin sakin wuƙar.

Sai suka zo kan inji. Ɗayansu ya zaro sifana daga aljihun wando, ya durƙusa ya fara kwance noti a natse, kamar bakanike a garejinsa. Baba ya haɗa hannu biyu yana roƙo da Yarbanci, a ɗauki komai a bar masa wannan. Yamaha ce, da kuɗin adashi ya saya, bai gama zubi ba. Ko kallonsa ba su yi ba. Mutum biyu suka cicciɓe ta, suka juya akalar jirginsu yamma, wato inda muka fito. Muka rage a tsakiyar kainuwa da gora ɗaya. Na ɓalle katakon benci na yi filafili da shi, aikin da na bari tun ina yaro. Gab da asuba wasu masunta suka gan mu, suka ja mu zuwa ƙauyensu, suka ba mu ruwan zafi da garin kwaki, ba su karɓi ko sisi ba.

Ba zan ambaci sunan ofisoshin da muka je ba, don ba wani mutum ɗaya nake ƙara ba. A ɓangarenmu jami'in da muka tarar ya karɓe mu da mutunci, har ya ba Baba kujera. Ya ce, "Alhaji, a ina daidai abin ya faru?" Baba ya kwatanta masa yadda ɗan ruwa ke kwatance: an wuce dogayen itatuwan kwakwa, ba a kai turakun masu kiwon kifi ba. Jami'in ya daɗe yana duban taswirar da ke bango, sannan ya ce in dai haka ne, wurin ba nasu ba ne, na maƙwabta ne. Da turanci ya faɗa, amma da na juya maganar zuwa Hausa a raina sai na ga ta zauna daram ta fuska biyu: ba ruwanmu ba ne, kuma ba ruwanmu.

Muka koma ƙetare. Wani bawan Allah daga Zango ya bar shagonsa ya yi mana tafinta. Jami'in can ya rubuta komai da kyakkyawan rubutu, layi bayan layi. Sannan ya nemi takardar jirgi, da lambar inji, da sunayen fasinjoji. Rasidin injin ya daɗe da jiƙewa ya narke a akwatin Baba. Sunayen fasinja kuwa babu wanda ya taɓa rubutawa. Ya ce jirgin na Najeriya ne, mutanen cikinsa ma yawanci 'yan Najeriya ne, sai mu kawo wasiƙa daga hukumominmu. Da muka dawo neman wasiƙa aka ce irin wannan sai ta bi ta Abuja. Tsakanin Badagry da Porto-Novo bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba, amma takardar da za ta haɗa su sai ta je Abuja ta dawo. Sawu uku na yi, na ga kuɗin zirga-zirga zai bi sahun na albasa, na haƙura.

Bayan wata biyu Baba ya ga injinsa. A wata tashar jirage ta ƙetare, a jikin jirgin wani, an yi mata sabon fenti. Ya ce da kunne ya fara gane ta, kamar yadda makiyayi ke gane kukan saniyarsa a cikin garke, sannan ya ga tabon waldar da ya sa aka yi wa murfinta a Badagry. An kankare lambar. Mai jirgin ya rantse saya ya yi, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Dattawan Egun na ɓangarorin biyu suka zauna, suka sha abin da suke sha, suka yanke cewa Baba ya biya mutumin wani abu ya karɓi kayansa. Haka ya sayi injinsa karo na biyu, bai gama biyan na farko ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, tsofaffi marasa kaki sun warware a yini ɗaya abin da ofisoshin ƙasa biyu suka kasa ko farawa.

Daga baya wani ɗan ƙanwata da ke karatun lauya ya bayyana min cewa ko a babban teku haka dokar take. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasa damar bin jirgin da ya yi laifi a ruwanta, amma da zarar ya shiga ruwan wata ƙasa, bin sawu ya ƙare. Wannan giɓin ne yarjejeniyar Yaoundé ta zo ta toshe, ba da rushe iyaka ba, da ɗaga waya kawai: ga ɓarawo nan ya nufo ku, ku tare. A teku akwai mai ɗaga wayar dare da rana. A rafi babu.

Ita kanta iyakar, Ingila da Faransa ne suka shata ta a takarda a 1889. A kan ruwa babu dutse, babu tuta, babu komai. Egun suna nan suna can, harshe ɗaya, suna auratayya, su yi biki a wannan gaɓa su yi jana'iza a waccan. Kifi na wucewa. Ita ma wannan kainuwa da ta naɗe mana farfela, ta wannan rafin ta shigo Legas daga Benin a 1984, ba wanda ya tambaye ta fasfo. Ɓarawo ma ya san layin sarai, ya fi mai taswira saninsa, shi ya sa yake aikinsa dab da shi. Doka kaɗai ce ke zuwa wurin ta ja birki.

Ba wai babu masu kaki a kan ruwan ba. Akwai, har sun yi yawa, da rana. Sai dai idonsu a kan abu biyu yake, shinkafa da fetur. Na san dalili. Fasa-ƙwaurin gaskiya ne, na sha ganin jirage cike da jarkoki suna nausawa yamma da dare, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin titunan Kwatano kowa ya san daga inda yake fitowa. Saboda irin wannan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mu masu kayan halal muka sha wuya tare da masu na haram. Amma a shekarun da na yi ina bin hanyar nan, an tambaye mu "me kuka ɗauko?" ya fi a ƙirga. Ban tuna ranar da aka tambaye mu "mutum nawa kuka ɗauko?" ba. A soka ƙarfe a buhun albasata a ga ko shinkafa na ɓoye, jirgin kuwa ya nutse har ruwa na lasar bakinsa, ba mai cewa uffan.

Kuma kafin mu yi zancen haɗa kai da maƙwabta, a cikin gida ma ba a gama shiryawa ba. Gwamnatin tarayya na da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, tun 1997, hedkwatarta a Lakwaja. Jihar Legas ta kafa tata, LASWA, a 2008. Masu jirage da masu haƙar yashi suka ga suna biyan haraji gida biyu, suka tafi kotu a 2012 a faɗa musu wane ne mai ruwan. Kotun farko ta ba tarayya gaskiya a 2014. Kotun ɗaukaka ƙara ta juya ta ba Legas a 2017. Sai a watan Janairu na 2024 Kotun Ƙoli ta ce ikon na tarayya ne. Shekara goma sha biyu ana jayayya a kan wa zai yanka rasit. In Abuja da Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas, sun ɗauki wannan tsawon lokaci, ka ƙiyasta yaushe za a kai ga Porto-Novo. Ba na hana LASWA yabonta, a manyan tashoshin cikin gari ta sa mutane sun saba da rigar ruwa, ba ka shiga jirgi sai da ita. Amma kana yin yamma, kana nisa da idon gwamnati, tsarin na sakwarkwacewa. Yanzu tun 2023 akwai ma'aikata guda sukutum ta harkokin teku da albarkatun ruwa, da ministanta. Uzurin rashin mai ɗaukar nauyi ya ƙare.

Mu ma Hausawa sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sha ganin mutumin kirki, da babbar riga da hula, a miƙa masa rigar ruwa ya ɗora ta a cinya, ko ya zauna a kanta don kada benci ya ɓata masa shadda. Ka yi masa magana ya ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Haka ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Mu mutanen masarautar Yauri ba ma bukatar a yi mana wa'azi a kan wannan. A watan Mayu na 2021 jirgi ya tarwatse kusa da Wara, ya taso daga jihar Neja maƙare da mutane, rayuka masu ɗimbin yawa suka salwanta, aka yi kwanaki ana tsamo gawa, kuma lissafin waɗanda ke ciki ya yi ta sauyawa don babu takardar sunaye. A nan Legas ma, a watan Yuli na 2022, jirgin da ya taso daga Mile 2 zuwa Ibeshe da dare ya kife, mutane fiye da goma suka rasu. An hana tafiyar dare, ni da nake wannan rubutu na karya dokar, na kuma ga sakamakon. A inda ake rubuta suna kuwa, sai ka ga ɗan uwanmu ya ƙi, wai kada a bi shi da haraji, ko ya bar yaron tasha ya rubuta masa "Aboki" kawai. Ranar da abu ya faru, wane Abokin za a je a yi wa gaisuwa a gida?

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A watan Oktoba na 2018 Shugaba Buhari da Shugaba Talon na Benin suka buɗe tashar iyaka ta haɗin gwiwa a Seme-Krake, jami'an ƙasashen biyu a haraba ɗaya. Abin da aka yi wa titi a yi wa ruwa. Ko rumfa ce a kan turaku a daidai layin nan, a zaunar da namu da nasu, da jirgi mai gudu ɗaya, da wanda ke jin Egun da Yarbanci da Hausa da Faransanci, irinsu sun cika Zango suna neman aiki. Wanda aka yi wa fashi ya kai ƙara wuri ɗaya, su su san yadda za su raba aikin a tsakaninsu. A samu lambar waya ɗaya a rubuta da fenti a jikin kowane jirgi, wadda za ta shiga ko da layin can ne ko na nan. Daga cikin jirage 17 ɗin nan masu gudu, ban ce a ba mu biyar ba.

Batun inji kuwa shi ya fi sauƙi, shi ne kuma zai fi cizon ɓarayi. Ba wayoyinmu suka kawo su ba, inji ya kawo su, don shi ne dukiyar da ke kan ruwa. In aka yi wa kowace inji rajista da lambarta, ƙasashen biyu suna duba littafi ɗaya, aka ce duk injin da aka kankare wa lamba ba ta hawa ruwa a kowace gaɓa, kasuwar ta mutu. Sunayen fasinja ma, yaron tasha ya ɗauki hoton takardar ya tura ta WhatsApp zuwa tashar da jirgi ya nufa. Mu 'yan albasa haka muke tura wa juna lissafin buhu tsakanin Aliero da Legas kullum, ba mu jira an ƙaddamar mana da shiri ba.

Ina kira ga 'yan majalisarmu na Arewa kada su ga wannan zancen Yarbawa da Egun ne. Su zo tashar jirage da sassafe su ƙirga huluna. Masu albasa, masu barkono, masu canji, masu sayo atamfa da gwanjo daga kasuwar Dantokpa ta Kwatano, 'yan mazaɓunsu ne, kuɗin da ake samu a ruwan nan shi ke sayen taki a Kebbi da Sakkwato. Sarakunan Hausawa na Legas da shugabannin Zango na Kwatano da Porto-Novo su ma sun san juna, suna halartar bukukuwan juna. Su haɗa baki su kai maganar gaban hukuma, su kuma ja kunnen mutanenmu a kan riga da rubuta suna.

Baba yana nan yana aiki. Yanzu kullum da yamma sai ya kwance injin, yaronsa ya tura ta a baro har gida, a ɗakinsa take kwana. Ya sa maƙeri ya buga mata lamba a wurare uku da shi kaɗai ya sani. Ya daina tashi bayan azahar ko da za ka ninka masa kuɗi, ni ma na daina roƙonsa. Ranar Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, ina da buhu arba'in da za mu ƙetare da su, ƙarfe shida da rabi na safe muke tashi daga Badagry. In kana da wakili a Legas, Edita, ka turo shi. Kuɗin jirginsa a wuyana, rigar ruwa ma akwai ta a ajiye, zan nuna masa wurin da itatuwan kwakwar suke.

Naka,
Wani ɗan kasuwar albasa,
Mile 12, Legas.